Linzamin kwamfuta da ake juyawa da kai: kurakuran da aka fi yi

Wanda ya ji rauni a lakar gadon baya, ko hannayensa suka shanye, yana iya juya kibiyar nuni da ke yawo a allon kwamfuta da motsin kai kawai. Na'urori irin su SmartNav da HeadMouse Nano ƙaramar kamara ce da ake ɗorawa a saman allo. Tana fitar da hasken infirared, irin na rimot ɗin talabijin, wanda ido ba ya gani. Sai a manna ɗan ɗigo mai ƙyalli a goshi ko a jikin tabarau. Ɗigon yana mayar da hasken inda ya fito, kamar allunan bakin titi da dare, kamarar kuma tana bin sa duk inda ya yi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zama taga tana bayan mutum. Hasken rana cike yake da infirared, haka ma tsohon ƙwan fitila mai zafi. Kamarar ba ta san goshi ba, abu mafi haske take nema. Da rana ta leƙo, sai ka ga kibiya tana tsalle, ko ta maƙale a lungu ta ƙi motsi. Abin yana ba ni takaici idan aka ce na'urar ta lalace aka ajiye ta, alhali sakin labule ko juya teburi ya isa. Gilashin tabarau da 'yan kunne ma sukan ruɗa ta. A ɗan sunkuyar da kamarar ko a sauya wa ɗigon wuri.

Ɗigon kansa yana dusashewa da gumi da maiƙo. A goge goshi kafin a manna, a canza shi idan ya tsufa.

Sai gaggawa wajen saiti. Sabon shiga yakan ƙure gudun kibiya don kada wuya ya gaji, sai ɗan rawar kai ya wurgar da ita. A fara a hankali. Haka ma dannawa: manhajar da ake amfani da ita tare da na'urar tana danna abu idan kibiya ta tsaya a kansa na ɗan lokaci, kuma idan lokacin ya yi gajarta, mutum yana karatu sai ya ga shafi ya rufe. A tsawaita shi, ko a haɗa maɓallin da ake takawa da ƙafa ko hurawa da baki.

Idan kuma kai ya karkace kafin kibiya ta zo tsakiya, a tura ta har ta daki gefen allo, a ci gaba da juya kan kaɗan, sannan a dawo.