Yadda Ake Gyara da Kula da Birekar Sikutar Yara Mai Batir

Sikutocin yara masu batir da ake gani a lungunan Aboabo da Asawase da Sabon Zango a nan Kumasi, da yawansu na hannu ne da aka shigo da su daga Amurka ko Turai, wasu kuma tsarabar 'yan'uwa mazauna waje ce. Ƙorafin da iyaye suka fi kawowa a kansu shi ne yaro yana cikin tafiya sai sikutar ta mutu farat ɗaya, a kunna ta ƙi tashi. Sau da yawa ba injin ba ne ya ƙone, bireka ce ta katse wuta, wato ƙaramar na'urar nan mai maɓallin dannawa da ke gefen matakin sikutar, kusa da makunni da ramin caja. Gyaranta ba shi da wuya, amma wajibi ne mai gyara ya san cewa birekar ba ta katse wuta haka kawai, kuma wanda ya sauya ta ba tare da ya gano dalilin katsewar ba zai sake buɗe sikutar nan da 'yan kwanaki.

A cikin birekar akwai siririn ƙarfe da aka haɗa daga ƙarafa iri biyu, waɗanda zafi ba ya buɗa su daidai wa daida. Idan wutar da ke bi ta cikinsa ta wuce ƙima sai ya yi zafi ya lanƙwashe, ya raba hanyar wutar, maɓallin kuma ya turo waje. A ɗauki misalin Razor E100 mai sarƙa, wadda ta yi yawa a cikin kayan hannu. Tana da batir biyu masu bolt 12 da aka jera suka ba da bolt 24, injinta mai wat 100 ne, kuma kamfanin ya ƙayyade mata nauyin kilo 54. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya irin wannan inji yana jan wajen amfiya 4 ne, amma da zarar ya sha wuya, ko a hawan tudu ko a cikin yashi, wutar da yake ja tana ninkawa. Kumasi kuwa gari ne mai hawa da gangara, kuma yaranmu ba sa barin ƙani ko aboki a ƙasa, sai ka ga biyu a kan matakin da aka yi don mutum ɗaya. Zafin rana ma yana da nasa hannu, domin birekar da ta riga ta ɗumama a tsakar gida da azahar ta fi saurin katsewa.

Saboda haka matakin farko ba ya buƙatar ko sukudireba. Ka kashe makunni, ka kai sikutar inuwa, ka ba ta 'yan mintuna ta huce, sannan ka danna maɓallin har ka ji ya kama. Idan ka danna shi da zafinsa ba zai zauna ba, kuma tilasta shi yana lalata abin da ke ciki. Kafin ka mayar wa yaro, ka ɗaga tayar baya ka juya ta da hannu, haka ma ta gaba. Tayar lafiyayya tana juyawa ba tare da ƙara ba. Idan ta yi nauyi, ka duba bakin aksali da haƙoran sarƙa, domin a nan ne ledar ruwan sanyi da zaren buhu da gashin kitso suke naɗewa, su taru da jar ƙasa su zama kamar igiya. Ka yanke su da reza a hankali, ka tabbatar birki ba ya gogar taya, sarƙar kuma ba a ɗaure ta tamau ba, sannan ka ɗiga mata mai kaɗan. Tayar gaba mai iska idan ta sace tana ƙara wa injin nauyi, don haka a yi mata famfo zuwa adadin da aka rubuta a gefenta.

Idan duk an yi wannan sikutar ta ƙi tashi, ko maɓallin ya ƙi kamawa bayan ya huce, to lokacin buɗewa ya yi. Za ka buƙaci sukudireba da filaya mai dogon baki da mitar gwajin wuta. Ka zare caja, ka kashe makunni, ka cire zobe da agogon ƙarfe daga hannunka, domin batir ɗin nan ƙarami ne a ido amma idan ƙarfe ya haɗa bakinsa biyu yana iya ƙona fata. Ka kwance kusoshin matakin ka zuba su a murfin kwalba, ka ɗaga matakin, kuma kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoton wayoyin da wayarka ta hannu. Daga nan ka raba mahaɗin batir da sauran wayoyi.

Ina ba da shawarar a fara gwada batir kafin a zargi bireka, saboda mataccen batir yana kawo alamu irin nata. Ka saita mita a ma'aunin bolt na DC, wato irin wutar batir, ka auna kowane batir shi kaɗai. Mai cikakken caji yana nuna tsakanin 12.6 da 13, su biyun tare kuma sama da 25. Idan ɗaya ya yi ƙasa sosai da ɗan'uwansa bayan an yi caji na dare guda, to matsalar a nan take, kuma biyun ake sauyawa tare. A duba takardar da ke jikin cajar ma. Wutar ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana, bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120 ce, kuma cajar da aka yi don wutar Amurka kaɗai, ba mai ɗaukar bolt 100 zuwa 240 ba, tana ƙonewa da zarar an soka ta a bango ba tare da tiransifoma ba. Gidaje da dama sun yi ta neman laifi a cikin sikuta alhali cajar ce ta mutu tun ranar farko.

Birekar kanta wayoyi biyu ne a bayanta, kowace da ɗan bakin ƙarfe mai zamewa. Ka kama bakin ƙarfen da filaya ka zare, kada ka ja wayar. Ka duba wurin da kyau a cikin haske. Idan ka ga kore-kore ko baƙin tsatsa, ko robar da ke rufe bakin ta narke ta yi ruwan ƙasa, to mahaɗin ne ya saki, kuma sakakken mahaɗi yana haifar da zafin da ke ratsawa cikin birekar ya sa ta katse ko da injin bai ja wuta da yawa ba. Wannan yana yawan faruwa da damina ga sikutar da aka bi da ita cikin ruwan kwata ko aka bari a waje ta kwana. Ka goge ƙafafun birekar da samfefa mai laushi har su yi haske, ka ɗan matse bakin ƙarfen da filaya domin ya kama da ƙarfi. Sannan ka juya mita zuwa wurin da take ƙara idan hanya ta haɗu, ka danna maɓallin, ka ɗora tsinken mita ɗaya a kowace ƙafa. Idan mitar ta yi ƙara ba yankewa, ko da ka ɗan girgiza birekar, lafiyarta ƙalau. Idan ta yi shiru, ko ƙarar tana zuwa tana ɗaukewa, ta gama aiki.

Ba a fasa irin wannan bireka a gyara cikinta, sauya ta ake yi. Yawanci noti ɗaya na roba ne ke riƙe da ita daga waje, wasu kuma 'yan kunnuwa ne da ake matsawa a turo ta. Ka cire ta ka tafi da ita wurin masu sayar da kayan wuta a Adum ko masu wutar mota a Suame Magazine, domin a jikinta aka rubuta ƙarfinta, kamar 7A ko 10A, wato amfiya 7 ko 10. Sabuwar dole ta zo da lamba iri ɗaya, kuma a ga an rubuta cewa tana ɗaukar wutar DC da ta kai bolt 24 ko fiye. Mai shago zai iya ce maka, “Alhaji, ɗauki mai 20 ɗin nan, ba za ta ƙara damunka ba.” Gaskiya ne ba za ta riƙa katsewa kamar da ba, amma siraran wayoyin sikutar da injinta ba a yi su don wannan wutar ba, su ne za su ɗauki zafin da birekar ta ƙi tarewa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne haɗa wayoyin biyu kai tsaye a naɗe da salatif, wanda wasu masu gyaran gefen hanya suke yi don aiki ya yi sauri. Ina roƙon kowane uba da kowace uwa kada su yarda da shi ko na yini ɗaya. Batir da wayoyin suna ƙarƙashin tafin ƙafar yaro ne, cikin akwatin roba, kuma sikutar a ɗaki take kwana kusa da katifa da labule. Idan ba a samu bireka daidai ba, fis ɗin mota mai lamba iri ɗaya a cikin gidansa zai iya riƙe wurin kafin a samu, in kuwa shi ma babu, gara sikutar ta zauna.

Wajen mayarwa, ka bi hoton da ka ɗauka, ka sa kowace waya inda take, ka tabbatar babu wadda za ta matse a ƙarƙashin matakin ko ta gogi sarƙa, sannan ka haɗa batir a ƙarshe. Ka ɗora sikutar a kan bulo yadda tayar baya za ta rataya, ka kunna ka murɗa totur. Wasu samfuran, har da E100, injinsu ba ya kamawa sai tayar ta fara gudu kaɗan, don haka sai ka tura ta a ƙasa tukuna. Idan sabuwar birekar ta katse nan take ba tare da kowa a kai ba, to akwai wayar da ta feɗe tana taɓa wata, ko akwatin sarrafa wuta ko injin ya lalace, kuma wannan aikin ƙwararren mai gyara ne. Haka nan idan sikutar mai batirin litiyam ce kuma ka ga ya kumbura ko yana wari, ka fitar da ita waje nesa da ɗaki, kada ka sake sa mata caji.

Kulawar yau da kullum kaɗan ce. A yi caji bayan kowane hawa, kada a bar caja a jiki fiye da yini guda, kuma a zare ta idan an ɗauke wuta domin kada dawowar wutar ta buge ta. Kada a wanke sikutar da tiyo ko bokiti, tsumma mai laima ya isa. Da hunturu a riƙa kakkaɓe ƙura daga kewayen maɓallin da busasshen buroshi, duk bayan wata biyu ko uku kuma a buɗe matakin a duba mahaɗan. Yaron ma a zaunar da shi a gaya masa cewa mutum ɗaya ake hawa, a tudu mai tsayi ya sauka ya tura, kuma idan maɓallin ya fito sau biyu a jere ya daina dannawa ya kawo wa babba ya duba.