Yadda Ɗalibi a Kaduna Zai Nemi Tallafin Karatu

Duk shekara nakan ga ɗalibai masu ƙoƙari daga Jami'ar Jihar Kaduna (KASU), ABU Zariya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna sun cike fom ɗin tallafin karatu, amma sunayensu ba su fito ba, alhali makinsu ya isa. Abin da ya fi kayar da su shi ne takardunsu, don haka daga nan za a fara.

Tun kafin a buɗe kowane shafin neman tallafi a intanet, ka tara takardar haihuwa, shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukumarka, sakamakon WAEC ko NECO, takardar gurbin karatu ta JAMB, lambar NIN da ta BVN. Ka shimfiɗa su gefe da gefe, ka bi sunanka harafi bayan harafi. Sau da yawa za ka tarar an rubuta Muhammad a wannan, Mohammed a waccan, ko sunan mahaifi ya zo a gaba a banki amma a baya a makaranta, ko kuma an cusa maka 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa saboda wanda ya yi maka rajista bai tambaya ba. Sau da yawa na'ura ce ke tantance waɗannan bayanai yanzu, kuma ba ta sauraron uzuri; da zarar ta ga saɓani sai ta ajiye ka gefe, ba tare da wani ya sanar da kai dalili ba. Shawarata ita ce ka ɗauki abin da ke kan sakamakon sakandare a matsayin ma'auni, tunda shi ya fi wuyar sauyawa, sannan ka daidaita sauran da shi a ofishin NIMC, hukumar da ke ba da lambar NIN, da bankinka. Gyaran yana cin kuɗi, yakan buƙaci takardar rantsuwa daga kotu, kuma yana iya ɗaukar makonni, shi ya sa ba a barinsa sai ranar rufe fom ta gabato.

Bayan haka, ka buɗe imel naka na kanka, da layin waya mai rajista da sunanka. Kada ka yarda mai kafen intanet ya sa nasa don ya rage wa kansa aiki, domin ta can za a aiko da gayyatar jarrabawa, kuma ba zai bi ka gida ya faɗa maka ba. Ka ɗauki hoton takardun sau ɗaya ka adana a waya, hakan zai rage maka biyan kuɗin sikanin kullum.

Sai kuma inda za a nema. Ɗan jiha ya fara da Hukumar Tallafin Karatu da Rance ta Jihar Kaduna, wadda ke karɓar ɗalibai daga ƙananan hukumomi 23. Asusun rancen karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a 2024, rance ne, ba kyauta ba: babu kuɗin ruwa, ana tura kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantun gwamnati, ana fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Sai makarantarka ta shigar da bayananka tukuna kafin shafin ya gane ka, don haka ka tuntuɓi ofishin kula da harkokin ɗalibai. Gidauniyar MTN tana tallafa wa ɗaliban kimiyya da fasaha masu matsakaicin maki (CGPA) 3.5 zuwa sama, wanda ke nufin wasa da darussa a aji ɗaya yana rufe ƙofa tun ba a je ko'ina ba. Mai neman digiri na biyu ya duba PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, idan fanninsa ya shafi mai da iskar gas, ko Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, wanda ke neman gogewar aiki ta shekara biyu.

Ka nemi fiye da ɗaya, ka rubuta ranakun rufewa a bangon ɗakinka, ka kuma tura da wuri saboda shafukan kan yi nauyi a ƙarshe. Idan an buƙaci rubutu, ka rubuta da kanka, malaminka ya duba. Idan akwai jarrabawa a kwamfuta, ka gwada tsofaffin tambayoyin lissafi da Turanci. Duk wanda ya turo maka saƙo ta WhatsApp yana neman kuɗi don ya sa sunanka a jeri, ka toshe lambarsa, ka koma shafin hukumar kanta ka duba.