An sa wa mahaifinka sitent a jijiyar ƙafa? Ga yadda za ka kula kar ta sake toshewa

Mutanenmu da yawa suna zuwa Indiya ko Masar ko manyan asibitocin gida a buɗe musu jijiyar jini ta ƙafa da ta toshe, a sa musu wata ƴar raga ta ƙarfe mai kamar bututu wadda likitoci ke ce wa sitent, a dawo gida ana murna shikenan an warke, bayan wata takwas ko shekara sai kaga Baba ya fara tsayawa a hanyar masallaci yana dafe sharaɓa. Wannan abin yana min ciwo sosai, don sau da yawa laifin rashin bayani ne, babu wanda ya zaunar da iyalin ya ce musu ragar nan fa tana iya toshewa.

Hanyoyin da take lalacewa kusan uku ne. Wanda yafi yawa shine jiki da kansa yana ɗaukar ragar kamar rauni, sai nama ya riƙa tsirowa a cikinta a hankali yana matse hanyar jinin, kuma galibi cikin shekarar farko ake ganin haka. Na biyu jini ya daskare a ciki farat ɗaya, wannan yafi faruwa idan mutum ya daina shan maganin tsinka jini. Na uku ragar ta karye, musamman wadda ke cinya zuwa bayan gwiwa, don wajen kullum cikin lanƙwasa yake. Ciwon suga, sigari, ciwon ƙoda da doguwar toshewa tun farko duk suna ƙara haɗarin.

Toh abu na farko, magani. Asfirin ɗin nan ƙarami mai 75 da ake saya da sunan Vasoprin, da kilofidogirel wanda wasu suka sani da Plavix, waɗannan biyun su ne maganin tsinka jini, da maganin rage kitsen jini irin atobastatin, dan Allah kar a tsayar da ko ɗaya don an ga ƙafa ta yi sauƙi ko don kuɗi sun ƙare a tsakiyar wata, a koma wajen likita ya faɗi wanda za a ci gaba da shi da wanda za a ajiye. Idan azumi ya zo a tambaye shi yadda za a maida su sahur ko buɗa baki, kuma a sha ruwa sosai da dare. Kar a haɗa su da diklofenak ko ibufurofen daga kemis, haɗin yana iya jawo zubar jini a ciki. In aka ga bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, asibiti.

Sigari kuwa babu wani ragewa, dainawa ce gaba ɗaya, har shisha.

Sai tafiya, wadda mutane suke tsoro alhali magani ce. Baba ya yi tafiya har ciwon sharaɓa ya fara damunsa, ya tsaya ya huta ya lafa, ya ci gaba, minti 30 zuwa 45 aƙalla sau uku a sati, a jure wata uku za a ga nisan da yake iya zuwa ya ƙaru. Amma in akwai gyambo a ƙafa a fara tambayar likita tukun. Haka in ragar tana bayan gwiwa a tambaya game da dogon zama a naɗe ƙafa da durƙuso, in yace a yi sallah a kujera na wani lokaci a yi.

Alamomin da za ka sa wa ido: ciwon tafiya ya dawo ko nisan ya ragu, ciwon yatsu da dare wanda sai ya sauko da ƙafar daga gado yake samun sauƙi, ƙaramin ciwo da ya ƙi warkewa, yatsa ya fara baƙi. Waɗannan a je cikin kwanaki. Amma idan ƙafa ta kama ciwo mai tsanani lokaci ɗaya, ta yi sanyi ƙalau, ta yi fari ko ta canza kala, baya jinta ko baya iya motsa yatsu, wallahi wannan ba a jira gari ya waye, bayan kamar awa 6 naman ƙafar zai fara mutuwa. Kar a gasa ta da ruwan zafi ko garwashi, kar a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga, mutumin da ke shan maganin tsinka jini kuma jini baya isa ƙafarsa tsagar nan ita ce za ta zama gyambon da zai ci ƙafar.

A asibiti za su auna bugun jini a idon sawu su gwada da na hannu, su yi sikanin dofla mai nuna yadda jini ke gudana a jijiya, wani lokaci hoton siti sikan (CT) mai allurar rini. In nama ne ya cike ragar ana iya sake buɗe ta da balan-balan, yanzu ma akwai mai ɗauke da magani a jikinsa da ke rage saurin tsirowar naman, ko a kankare cikin, ko a sa wata ragar a cikin ta farko. In gudan jini ne sabo ana narkar da shi ko a zuƙe shi. In duk sun ƙi sai tiyata, a ɗauki wata jijiya daga ƙafarsa a yi wa jinin sabuwar hanya ta kewaye wajen.

Takardun aikin farko kuma, wanda ke nuna irin ragar da tsawonta da inda aka sa ta, ka ɗauke su hoto a wayarka yau, don likitan da zai karɓe ku da tsakar dare su zai fara tambaya.