Kafin ka jona tsohon gem ɗinka da wuta

Yawancin tsofaffin gem ɗin da na ga sun mutu a Zariya, ba tsufa ne ya kashe su ba. Gaggawar mai su ce, a ranar da ya fito da su daga ƙarƙashin gado. Ni ma na taɓa yi. Na sayo Super Famicom (wato Super Nintendo na Japan) na gwanjo a Sabon Gari, ina isa gida ko takalmi ban cire ba na soka adaftarsa a bango. Sai na ji "ɗas", ɗaki ya ɗauki ƙaurin roba.

Dalili kuwa, wutarmu ta Najeriya volt 230 ce, ta Japan 100, ta Amurka 120. Don haka ka juya adaftar ka karanta abin da aka rubuta. In ka ga 100V ko 120V kawai, sai ka nemi taransifoma mai rage wuta. Kada kuma ka ce ai bakin ya shiga, shi ke nan. Adaftar NES, tsohon gem ɗin Nintendo na Amurka, wutar AC take bayarwa, Famicom kuwa, wato irinsa na Japan, DC yake ci, in ka haɗa su kana iya ƙona shi. Famicom da Mega Drive na farko (gem ɗin Sega) duk tsakiyar bakinsu negatif ne, alhali galibin adaftocin kasuwa akasin haka suke.

Sai hura kaset. Duk wanda ya tashi da Mario ya yi wannan: ka ciro, ka hura da ƙarfi, ka mayar. Abin da ya sa yake tashi, cirewa da mayarwar ce, ba iskar bakinka ba. Danshin numfashi tsatsa yake sa wa haƙoran kaset a hankali. Ka sami auduga da ɗan sifirit ka goge, za ka sha mamakin baƙin da zai fito, musamman kaset ɗin da ya sha ƙurar hunturu shekara da shekaru. Bar shi ya bushe kafin ka sa.

Wani kuma da ya ga hoto ya fito baƙi da fari, sai ya ce an cuce shi, ya koma wurin mai shago da faɗa. Sau da yawa gem ɗin lafiya lau yake. Na Japan da Amurka tsarin hoto na NTSC suke bi, talabijin ɗinmu na da kuwa PAL ne. A nan ma akwai abin dariya: Sonic na farko, wasan bushiyar nan mai gudu na 1991, a injin PAL yana gudu ƙasa da na Amurka da kusan kashi 17 cikin ɗari, har kiɗan ma a sanyaye yake. Wanda ya saba da na PAL, in ya kunna shi a kwamfuta yau sai ya ce hannunsa ya mutu. Hannunka na nan, Malam, bushiyar ce ta ƙara wuta.

Bindigar Duck Hunt, wasan harbin agwagwa, ba ta aiki da filasma, komai tsadarta. Sai tsohuwar talabijin mai tudun baya, irin wadda ake jibgewa a shagon masu gyara. In filasma kawai gare ka, mayar da hoton 4:3 don kada Mario ya zama kamar an taka shi, sannan ka kunna Game Mode saboda jinkirin da ke tsakanin dannawa da motsi.

Kaset mai rubutun "9999 in 1" kuwa, kada ka biya kuɗin wasa dubu. Wasanni kaɗan ne ake ta maimaita su da sabon suna.

Faifan PlayStation, daga tsakiya zuwa gefe ake gogewa da ƙyalle mai laushi, ba a zagaye ba. In kuma kaset ɗin Super Nintendo ya daina ajiye inda ka tsaya, batirin CR2032 da ke cikinsa ne ya ƙare. Liƙe yake da dalma, don haka kai wa mai gyaran rediyo ya canza, amma ka sani da an cire tsohon, abin da ka ajiye a ciki ya tafi.