Yadda Ake Rage Ƙarya a Gwajin Hali Wajen Ɗaukar Ma'aikata

A gwajin hali, wato tambayoyin da ake yi don a auna halin mutum, mai neman aiki ya san amsar da ake so. In ka tambaye shi ko yana cika alƙawari, wa zai ce a'a? Shi ya sa makin himma da natsuwa ke kumbura, masu kambama kansu su haye sama.

Don rage wannan, haɗa wa mai neman aikin jimloli biyu masu kyau daidai wa daida, ya zaɓi wadda ta fi kama da halinsa. Maimaita tambaya can gaba da wasu kalmomi, ka ga ko amsarsa za ta canza. Gargaɗe shi tun farko cewa ana gano ƙarya kuma akwai hukunci.

Amma kada ka watsar da mutum don amsoshinsa sun cika kyau, wasu haka suke da gaske. Kira shi ganawa, ya kawo misalin abin da ya taɓa yi.