Darasi na 7: Yadda za ka zaɓi filen mai kyau kafin ka fitar da kuɗinka

Duk wanda ya taɓa zama a shagon kafinta ya san ƙarar filen in yana bin katako, ɓawon yana fitowa a nannaɗe kamar takarda. Yanzu dai inji ya karɓe yawancin aikin, kana sayen katako a 'Yan Katako na Na'ibawa sai ka biya a goge maka shi tun a can. Amma ƙofar da ta kumbura da damina ta ƙi rufuwa, ko durowar da take cijewa, ko kana so katako biyu su haɗu ba ko 'yar kafa a tsakani, to nan fa sai filen hannu.

Fara da karanta lamba, tunda dama karatu muke koyo. Ka ɗauki filen ka duba jikin ƙarfen wajen gaba ko wajen baya, za ka ga an rubuta No 4 ko No 5 ko No 7. Wannan lissafin na kamfanin Stanley ne na Amurka, wanda ya sayi fasahar wani mutum Leonard Bailey a 1869, sauran kamfanoni da yawa suka bi sahu. No 4 tsawonsa wajen inci 9 ne, aikinsa sumulce fuskar katako a ƙarshe. No 5 inci 14, shi ne wanda ake cewa jak, yana cin katako da yawa kuma yana ɗan miƙar da shi. No 7 kuwa inci 22, dogo ne mai nauyi, na miƙar da gefen dogon katako kamar na ƙofa ko saman tebur. In guda ɗaya kuɗinka zai saya, ni dai No 5 zan ce maka, don ba aikin da ba ya taɓawa.

Masu tsadar gaske da ake yi yanzu su ne irin Lie-Nielsen na Amurka da Veritas na Kanada. Wuƙarsu ta fi kauri, ƙarfen jikinsu ba ya saurin fashewa in ya faɗi, kuma daga kwali kusan a shirye suke. Sai dai kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne kafin ma a zo maganar kuɗin kawowa, kuma da wuya ka gan su a kasuwa a nan sai dai ka yi oda ko ka ba wa matafiyi sautu. Abin da ya fi mana sauƙi shi ne tsohon Stanley ko Record na Shefil a Ingila, irin na hannu, in ka yi haƙurin zagaya Sabon Gari da Ƙofar Ruwa wani lokacin sai ka dace. Tsatsa kaɗan kar ta tsorata ka, samfefa da ɗan mai suna fitar da ita.

Ni kaina an taɓa yi min, na ga wani yana ta ƙyalli da suna a jiki na biya ban duba ba, ranar farko wuƙar ta lanƙwashe a kan kullin madaci. Suna kowa yana iya bugawa a kwali, shi ya sa za ka tafi kasuwa da rular ƙarfe da guntun katako a aljihu.

Ka kifa filen, ka janye wuƙar ciki, ka ɗora rular a kan ƙasansa a tsaye sannan ka ɗaga sama wajen haske. Wuri uku ne dole su taɓa rular: gaba, da daidai bakin da wuƙa take leƙowa, da baya. In haske yana wucewa sosai a wajen bakin nan, ajiye shi, zai dinga tsalle yana yagar katako kana zaton hannunka ne bai iya ba. Daga nan ka duba gefen bakin da kyau ko akwai tsaga ko alamar walda, filen da ya tsage ko kyauta aka ba ka wahala ce. Ka murɗa tayar da ke bayan wuƙa ka ga tana sa ta fita tana komowa, ka kaɗa ɗan hannun da ke gyara ta dama da hagu. Sai ka cire wuƙar gaba ɗaya, akwai wani ƙarfe da ake ɗaurewa a bayanta da sukuru, dole bakinsa ya kwanta a kanta tsaf, in akwai kafa ɓawon katako zai dinga cushewa a ciki kowane minti. Wuƙar ma ka ga ta rage da tsawo, wasu an wasa su har sun kusa ƙarewa. Mariƙin katako in yana girgiɗi ko hunturu ya tsaga shi ba komai, wannan kai ma za ka iya sassaƙa wani, amma ka nuna wa mai kaya wajen ciniki.

Ka ce, "Alhaji, a ba ni izini in gwada." In ya yarda ka sa guntun katakonka ka tura, in ya hana kuma ka san abin da ake ciki. Kar ka manta da kuɗin dutsen wasa a lissafinka, ana wasa bakin wuƙar a kan digiri 25 zuwa 30, kuma ko na dala ɗari nawa ne in ya dakushe ba ya yanka.

Aikin gida: ka je wajen maigidanka ko wani kafinta a unguwarku, ka karanta lambar da ke jikin filen ɗinsa, ka auna tsawonsa da tef, ka rubuta duka biyun a littafinka ka zo da shi aji.