Yadda ake sayen SSR a haɗa shi da tukunyar lantarki ta yogot da zoɓo

Tun da iskar gas da gawayi suka yi tsada, masu yin yogot da zoɓo da lemon citta a gida, musamman waɗanda unguwarsu ke samun wutar KEDCO da ɗan dama-dama, sun fara komawa tukunyar lantarki. Tukunya ce ta silba mai kauri, mai walda ya huda ta ya ɗaura mata hita daga ƙasa. Da zoɓo kaɗai ake yi, da ba a buƙaci dogon bayani ba. Yogot ne mai rigima. Ana so madara ta kai digiri 85 ta zauna a nan kamar minti 30, a sauke ta zuwa 42 ko 43, a zuba iri, sannan a riƙe ta a wannan ɗumin awa 4 zuwa 6. Babu mai iya tsayawa kan makunni yana kunnawa yana kashewa har tsawon wannan lokaci. Kwantirola ce ke auna zafi ta ba da umarni, SSR kuma, wato makunnin lantarki da ke bin wannan umarni, shi ne ke buɗe wa hita wuta ya rufe.

Rile na gargajiya, mai ƙarar ƙas-ƙas ɗin nan, ƙarfe ne ke haɗuwa da ƙarfe a cikinsa, kuma duk haɗuwa sai ya yi tartsatsi. Galibinsu kunnawa da kashewa kusan 100,000 suke jurewa in suna ɗauke da cikakken lodi. Idan kwantirola tana kunnawa duk daƙiƙa 2, sau 1,800 ke nan a awa guda, ka ga bai kai awa 60 ba ya gama yayinsa. SSR babu abin da ke motsi a cikinsa, shi ya sa ya dace da wannan aiki. Amma yana da hali guda da nake so a riƙe tun daga nan: zafi ne ke kashe shi, kuma in ya mutu, yawanci a kunne yake mutuwa. Hita za ta ci gaba da ci, kwantirola na cewa a kashe, ba mai jin ta. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan halin aka gina su.

Mataki na farko: lissafi kafin kasuwa

Duba jikin hitarka ka ga wat nawa ce, ka raba da 230, ƙarfin wutar gida a Najeriya. Hita mai wat 2,000 tana jan amfiya kusan 9, mai 3,000 tana jan 13, mai 4,500 kuma kusan 20. Abin da ya fito, ninka shi biyu ko fiye, shi ne SSR ɗin da za ka nema. Mai hitar wat 3,000 ya sayi na amfiya 40. Na 25 zai yi a kan takarda, amma ban ba da shawararsa ba, saboda lambar da ke jiki an rubuta ta ne da sharaɗin akwai sanyaya mai kyau da ɗaki mai sanyi, ba ɗakin girki a Kano cikin watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Ka kuma san lokacin da aikin zai ci. Ɗaga lita 50 na ruwa daga digiri 30 zuwa 85 yana cin yunit 3 da ɗoriya a mita, wato awa guda da 'yan mintoci da hita mai wat 3,000, in wutar ta cika. In ta faɗo zuwa 180, kamar yadda take yi da magariba a unguwanni da yawa, wannan hitar wat 1,800 da 'yan kai kawai za ta bayar. Kada a ɗora wa SSR laifin wannan jinkirin.

Mataki na biyu: sayayya

A nan ya kamata a natsu. Shagunan kayan wuta na Sabon Gari, wajen France Road, nan ne farkon inda za a leƙa, sai masu sayar da kayan injinan masana'antu, sai kuma intanet. Abu ne ɗan ƙarami mai kusurwa huɗu, bai cika tafin hannu ba, da noti huɗu masu lamba 1 zuwa 4, bayansa farantin ƙarfe.

Karanta haruffan da ke bayan lambar. SSR-40DA shi ne naka: ƙaramar wuta ta DC, bolt 3 zuwa 32, ita ke ba shi umarni ta noti na 3 da na 4, shi kuma ya sarrafa wutar AC ta noti na 1 da na 2. Mai AA da wutar gida ake ba shi umarni, ba zai ji maganar kwantirolarka ba. Mai DD na batir da sola ne, in ka sa shi a wutar gida ka yi asarar kuɗinka nan take. Suna kama da juna ƙwarai, yaron shago kuma zai iya miƙo maka duk wanda hannunsa ya fara kaiwa. Ka ce masa, "Ɗan'uwa, mai DA nake so, juyo min shi in gani da idona."

Sai batun jabu. Sunan Fotek ya fi kowane yawa a kasuwa, kuma shi ’yan jabu suka fi kwaikwaya. A waje an rubuta 40, in aka fasa sai a tarar abin da ke ciki bai wuce na amfiya 12 ko 16 ba. Daga waje da wuya a tantance, amma akwai alamu: rubutun da ya dushe ko ya karkace, notin da ke lilo tun kafin a ɗaure shi, farantin baya siriri mai gautsi, da arahar da ta wuce hankali. Tambayi mai shago kai tsaye, "Alhaji, tsakaninka da Allah, wannan zai ɗauki hitar wat dubu uku awa biyar?" Mai tsoron Allah zai fito maka da wani daga ƙasan kanta. Wanda ke da hali ya nemi Crydom, Omron ko Carlo Gavazzi daga dillalin da aka sani. Wanda ba shi da hali ya sayi mai arahar, amma ya ɗauka rabin abin da aka rubuta ne gaskiya, ya kuma sayi biyu ya ajiye ɗaya.

Kwantirola ma a duba ta a wannan tafiyar. REX-C100 ta cika kasuwa, amma iri biyu ce: mai harafin V a lambarta ita ke fitar da wutar DC da SSR ke buƙata, mai harafin M rile ne a cikinta. Duba zanen da ke gefenta, ka tabbatar ka ga an rubuta SSR da alamar + da −.

Mataki na uku: sanyaya

SSR yana mayar da kusan wat 1 zuwa 1.5 zafi a kan kowace amfiya da ta ratsa shi. A amfiya 13, zafin wat 13 zuwa 20 ke nan yana taruwa a abin da bai kai sabulun wanka girma ba. Dole a ɗaura shi a kan hitsink, wato alminiyom mai haƙarƙari da ke kwashe zafi ya ba iska. Sayi babba, wanda aka ce na amfiya 40 ne ko fiye. Goge bayan SSR da fuskar hitsink su yi tas, ka shafa farin man nan da masu gyaran kwamfuta ke sa wa firosesa, siriri kawai, ba a lafta ba. Ɗaure notin biyu bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, don farantin ya kwanta daidai.

Haƙarƙarin su tsaya a tsaye, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Abin da na fi so shi ne a yanka bayan akwatin, hitsink ya leƙo waje, SSR yana ciki. In dole sai a ciki, a sa ƙaramar fanka a huda kafofin iska. Akwatin kuma a kafa shi a bango, nesa da tururin tukunya da inda ake wanke-wanke.

Mataki na huɗu: jeren waya

Wanda bai taɓa aikin wuta ba ya kira mai wayarin, ya ba shi wannan jeren ya tsaya a kansa. Bolt 230 kusa da ruwa da tukunyar ƙarfe ba wurin koyo ba ne.

Daga allon wutar gida a ja layi na musamman da waya mai kauri 2.5, jan ƙarfe zalla, da bireka mai amfiya 20. Hitar wat 4,500 tana son waya mai 4 da bireka 25 ko 32. Filogin gida mai amfiya 13 yana kan iyakarsa da hitar wat 3,000, bayan awa ɗaya za ka ji yana ƙauri, don haka a yi amfani da makunni irin na hitar banɗaki. A kan layin a sa RCD mai miliamfiya 30, na'urar da ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido in ta fara zurarewa ta jikin tukunya ko ta jikin mutum. Mutane suna tsallake ta saboda kuɗi. Ni a ganina wanda bai da kuɗinta bai kai lokacin haɗa tukunyar ba tukuna.

Bayan RCD sai kwantakta, wato babban rile mai ɗaukar lodi, mai yanke waya biyu, laif da nutural. Daga kwantakta laif ya shiga noti na 1 na SSR, ya fita ta na 2 zuwa hita. Nutural ya wuce kai tsaye zuwa ɗaya ƙafar hitar. Wayar atin, kore da rawaya, a ɗaure ta a jikin tukunya, da akwatin in na ƙarfe ne, da hitsink. Daga kwantirola, + zuwa noti na 3, − zuwa na 4, da siririyar waya, a raba hanyarta da manyan wayoyin.

Me ya sa kwantakta, tunda ga SSR? Dalili biyu. SSR ko a kashe yake yana zurar da 'yar wuta, wadda ta isa ta ja mai taɓa ƙafar hita. Na biyu shi ne wancan halin na mutuwa a kunne: ranar da ya faru, kwantakta ce kaɗai za ta raba hita da wuta. A haɗa ta da maɓalli biyu, kore na tayarwa da ja na tsayarwa, ta yadda in an ɗauke wuta za ta saki, kuma ba za ta koma ba sai an danna kore. A garin da ake maido da wuta ƙarfe biyun dare, wannan shi ne ke hana hita kamawa a busasshiyar tukunya kowa na barci. Gaskiya ne yogot da ke tsakiyar kwanciya zai rasa ɗumi in aka ɗauke wuta, amma tukunyar da aka lulluɓe da bargo tana riƙe zafinta awanni. In an samu tamostat mai yankewa in zafi ya wuce kima, a jera shi a kan wayar da ke riƙe kwantaktar.

Kowane noti a ɗaure shi tamau, bakin wayar da kan tagulla da aka matse. Sakakken noti yana zafi, ya narkar da robar da ke kewaye da shi, a zo ana cewa SSR ne jabu.

Mataki na biyar: gwaji da ƙwan fitila

Kada a fara da hita. Cire ta, ka sa ƙwan fitila irin na da, mai zare a ciki, a madadinta. Na zamani mai LED zai riƙa ɗan haske ko SSR na kashe, ya ruɗa ka. Kafin a ba da wuta, ɗora mitar gwaji ta masu gyaran wuta tsakanin noti na 1 da na 2: in ta yi ƙara alamar a haɗe suke, wannan SSR gawa ce, mayar wa mai shago. In lafiya, ba da wuta, ka taɓa batir mai bolt 9 a noti na 3 da na 4, hannunka nesa da na 1 da na 2. Ƙaramar jar fitilar jikin SSR za ta kama, ƙwan ya haska. Janye batir, duka biyun su mutu. Danna jan maɓalli, ka ji kwantakta ta saki. Danna maɓallin gwaji na RCD, ka ga ta faɗi. Sai an ga waɗannan duka sannan a mayar da hita, a cika tukunya da ruwa har ya rufe ta sosai.

Mataki na shida: saiti

Faɗa wa kwantirola irin sensar da ka sa, wato abin da ke auno mata zafin ruwa, K mai waya biyu ko PT100 mai uku. In ka ga lamba tana sauka alhali ruwa na ɗumi, wayoyin K ne aka juya. Gwada sensar a ruwan ƙanƙara, ta nuna kusan 0. Lokacin zagaye, wato tsawon kunnawa da kashewa sau ɗaya, a sa shi daƙiƙa 2. Sannan da ruwa cike, a sa digiri 43, a kunna AT, wato saitin da kwantirola ke daidaita kanta da shi, a bar ta ta hau ta sauka da kanta har fitilar ta daina ƙyaftawa. Ta koyi halin tukunyarka ke nan.

Madara ba ta son hita ta taɓa ta kai tsaye, kamu take yi ta ɓata ɗanɗano. A yi tukunya cikin tukunya: ruwa da hita da sensa a ta waje, madara a ta ciki, a riƙa duba madarar da ma'aunin zafi na hannu.

Zoɓo kuwa tafasa yake so, kuma a Kano ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 98, saboda tudun garin. In ka sa 100, kwantirola ba za ta taɓa ganin ta kai ba, za ta bar hita a buɗe har zoɓon ya yi bori ya zube. Kwantirolar da ke da saitin hannu, a ba ta kashi 100 har ya tafasa, sannan a rage zuwa 60 ko 70. Wanda zoɓo da citta kaɗai yake dafawa ma zai iya barin kwantirola gaba ɗaya ya sayi SSR mai VA, wanda ake juyawa da maɓalli irin na ƙarar rediyo.

A dahuwar farko, bayan rabin awa, yanke wuta daga bireka ka ɗora bayan hannunka a kan hitsink. In ba ka iya barin hannun na daƙiƙa biyar ba, ƙara fanka ko ka sauya babba. Bayan mako guda a sake bin notin duka a ƙara ɗaure su, tagulla tana saki in ta sha zafi da sanyi. Da hunturu a riƙa kaɗe ƙurar da ke cushe haƙarƙarin da busasshen buroshi. Kafin azumi, lokacin da tukunya za ta yi aiki safe da yamma, a maimaita gwajin ƙwan fitila. Duk ranar da ka ga jar fitilar SSR a mace amma lambar zafi na ci gaba da hawa, danna jan maɓalli, kashe bireka, ka ɗauko na ajiya.